Ki Danna, Kada Ki Goga

Dogon Dutsi, bayan girbi

Zuwa ga ɗiyata Lami,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Tibiri lafiya, ke da kayanki, babu kwanon da ya lotse, keken ɗinkinki kuma bai sha wahalar mota ba. Ki gaishe mini da mijinki malamin makaranta, mushe kamar yadda yara ke kiransa, ki ce ina yi masa barka da sabon wurin aiki. Allah ya tsare ku a garin da ba ku saba ba, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa.

Na san abin da za ki ce. Inna ta raka ni har bakin mota tana magana, me kuma ya rage? Da yawa ya rage. In na fara yi miki bayani da baki, kafin in kai tsakiya kin ce "Na ji, Inna," idonki yana wani wuri, ni kuma sai in rikice in manta abin da ya fi muhimmanci. Takarda ba a ce mata an ji. Saboda haka ki nemi inuwa ki zauna, ki karanta har ƙarshe, kafin ki sa almakashi a yadin mutane.

Tun ranar da mushe ya zo da labarin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. Tutar lakwal, makarantarsu ta Tibiri, rana ta cinye ta, iska ta yayyage bakinta, dirakta yana son sabuwa kafin bikin jamhuriya, mijinki kuma ya buɗe baki ya ce matarsa tela ce. Ɗiyata za ta ɗinka tutar ƙasa! Ni da na yi girma har na haife ki ban taɓa jin cewa muna da tuta tamu ba. Na faɗa wa matan majami'a, na faɗa wa mai sayar mini da gawayi, na faɗa wa wasu sau biyu har suka ce sun ji.

Amma murnar tana tafe da tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Tuta ba riga ba ce da mai ita zai matse kuskuren a hammata. Sama za a ɗaga ta, gari duka yana tsaye yana kallo. Ke kuwa baƙuwa ce, mace ce, a garin da maza ne ke zaune kan keke. Matan Tibiri za su so a ce ga mace 'yar'uwarsu da za ta auna su, amma sai sun gani da ido. In tutar ta miƙe, za su kawo miki atamfofinsu har ki rasa inda za ki aje. In ta karkace, sunan da za su laƙa miki zai riga ki shiga kasuwa, mushe kuma ya ji kunyar bakinsa a gaban dirakta.

A ƙarƙashin wannan takarda, cikin tsohon zanena shuɗi, akwai wani abu mai kauri, ruwan toka. I, shi ne. Rabin bargon ulu na babanki ne, bargon sojan nan da yake kullewa a akwatin ƙarfe. Kada gabanki ya faɗi, ba sata na yi ba. Yadda aka yi ya rabu biyu zan gaya miki a ƙarshe. Ba don rufa na aiko miki shi ba, don guga ne, kuma sai kin san yadda ake aiki da shi kafin ki shimfiɗa.

Ba na cewa na fi ki hannu. Kin fi ni sauri a keke nesa ba kusa ba, ɗinkinki kuma yana tafiya sak. Abin da na sani game da ke shi ne ba ki son hura gawayi, kina ganin guga aikin ƙarshe ce, ta ranar da mai kaya zai zo karɓa. Ni ma haka na ɗauka. Sai da na shiga ajin ɗinki na mata a mishan da furfura a kaina, na gama, aka ba ni difulom, takardar shaida wadda ko alamar ninki ba ta yi ba tukuna. Duk abin da zan rubuta miki a nan yadi na ɓata kafin in san shi. Ke ba ki da yadin ɓatawa, abin da dirakta ya saya shi ke nan.

Aikin farko da Madam, Baturiyar da ke koya mana, ta ba mu shi ne bargon haɗe-haɗe. A yanka guntayen yadi masu kusurwa huɗu, kowane daidai da ɗan'uwansa, a haɗa su biyu-biyu, sannan layi-layi, har su zama shimfiɗa guda. Madam tana jin Hausa sosai, a hayin iyaka ta koya. Duk haɗin da muka yi sai ta ce a yi masa guga kafin a ci gaba. To, ke kin san abin da guga take nufi a wurinmu. Mu da muke goge tukunya da ƙasa, muke goge ƙafa da dutse. Abin gugar kansa ma sunansa dutse, kamar na niƙa, hannuna kuwa tun ina ƙarama ya san abin da ake yi da dutse. Na kama shi da hannu biyu, na durƙusa, na tura gaba na jawo baya, da dukan ƙarfina, don Madam ta ga ba raggo ta ɗauka ba.

Da na zo haɗa layukan sai kusurwoyi suka ƙi gamuwa. Wannan ya wuce wancan da rabin yatsa, na gaba da shi ya fi haka. Na sake auna abin da na yanka, daidai yake. Na zargi almakashi, na zargi keke, na zargi idona. Tani, abokiyar zamana a aji, wadda bakinta ba ya hutu, ta ɗaga aikina sama ta ce wa mata su zo su ga hanyar Matankari bayan ruwan sama. Na warware na sake, ya ƙara lalacewa, domin na ƙara masa guga. Ranar nan sai Madam ta tsaya a bayana ban sani ba, tana kallon yadda nake yi. Ta riƙe mini wuyan hannu. Ta karɓi dutsen, ta aza shi a kan ɗinkin, ta bar shi ɗan lokaci, ta ɗaga shi sama cak, ta aza a gaba. Ko kaɗan bai ja ƙasa ba.

Na ce, "Madam, wannan ai ba guga ba ce."

Ta tambaye ni, to mene ne sunansa. Tani ce ta amsa daga inda take: "Dannawa ce, Madam. Kamar akawun bariki da hatiminsa."

Madam ta yi dariya har ta zauna. Ta ce tun zuwanta take cewa guga, mu kuma muna yi mata abin da ta ce, tana mamakin me ya sa duk matan Arewa suke kokawa da yadi. Daga ranar ajinmu ya daina cewa a yi guga, sai a danna.

Ga dalilin, ki riƙe shi. Yadi in ya sha zafi da laima yakan yi laushi, ya bi duk inda aka ja shi, in ya huce kuma a nan zai tsaya. Rigar da aka gama ɗinkawa ki goge ta yadda kike so, ɗinki ya riga ya riƙe ta. Amma abin da ba a gama haɗawa ba, bakinsa a sake yake. Ki aza, ki jira, ki ɗaga, ki matsa gaba. Tutarki tana da dogayen haɗi guda biyu, in kika ja dutse a kansu za su yi ciki kamar igiyar shanya. Bakinki ma ki daina ce wa wannan aiki guga, domin hannu yana bin abin da baki ya faɗa. Ni na gwada a kaina.

Kuskurena na biyu a kan shimfiɗa ne. Na koma gida da sabon ilimina, na aza haɗina a kan tabarma na danna. Da na ɗaga sai ga saƙar tabarmar ta fito raɗau a jikin yadin, kaba bayan kaba. Na ce to, na ninke tsohon zane na shimfiɗa. Ya fi tabarma, amma auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi sanyi nan da nan, kuma yadi yana zamewa a kanta, kina danna wannan gefe wancan yana gudu. Na kai wa Madam kuka. Ta ce in duba abin da nake dannawa a kai kullum a aji. Ni ban taɓa lura ba, na ɗauka tsumma ne aka shimfiɗa don kada tebur ya ƙone. Ashe guntun bargon ulu ne.

Lami, abin nan abin mamaki ne. Ulu gashin tumaki ne, irin na ƙasashen sanyi, kuma aikin da Allah ya yi shi dominsa shi ne riƙe ɗumi. In kika aza dutse, zafin yana ratsa yadin ya shiga bargon, bargon ya maido shi sama. Kin danna sau ɗaya, yadin ya sha wuta ta fuska biyu, kamar kina da dutse na biyu a ƙasa wanda ba ya cin gawayi. Ba ji na yi ba, na gwada da tafin hannuna: na danna a kan zane, na danna a kan ulu, na taɓa su biyun bayan na ɗaga, zanen ya huce ulun yana nan da zafinsa. Gashinsa kuma yana kama yadi, inda kika aje shi nan zai zauna. Kaurin ɗinki yana nutsewa a ciki, fuskar ta kwanta sumul. Har allura za ki iya cakawa a tsaye ta riƙe miki gefe. Ranar da na gane wannan, kusurwoyin bargona suka gamu ɗaya bayan ɗaya kamar an kira su da suna. Na yi guɗa a aji, ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban Madam ba.

Naki ki ninka shi huɗu. Na auna, zai ba ki kusan kamu ɗaya da rabi a tsawo, kamu ɗaya a faɗi, kaurinsa kamar na yatsa. Tutar ta fi shi girma, kada wannan ya dame ki. Ki danna abin da ke kansa, ki ɗaga yadin da hannu biyu ki matsar, kada ki ja shi yana da zafi. Kuma ki lura da abin da ke ƙarƙashi, domin tururi yana ratsa ulu ya sauka. Ki shimfiɗa shi a kan katako marar fenti ko daɓe mai tsabta. Teburin da mushe yake gyaran takardun yara a kai, ki bar masa abinsa.

Yanzu na zo kan kuskuren da ba ki sani ba, domin kina ɗakinki a lokacin, kuma na roƙi babanki kada ya faɗa. Da na san amfanin ulu sai na tuna muna da shi a gida, guda cur, yana rataye a kan igiya ana shan iska da shi. Babanki ya tafi gona. Na ce zan ɗan danna haɗi biyu in mayar, wa zai sani. Na shimfiɗa, na yayyafa ruwa, na aza dutse. Sai wani wari ya tashi, irin na ragon da ruwan sama ya doka. A aji ban taɓa jinsa haka ba, na Madam ya tsufa a aiki, kuma a rumfa muke. Ina cikin fifita ɗakin da murfin kwano sai na ji sallamarsa, ya manta da wani abu ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar iska, ya tambaya wa ya shigo da rago ɗaki. Har ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin gado. Ni kuwa garin saurin ɓoye dutsen a bayana na karkata shi, garwashi ya faɗo ta ramin gefe, ya sauka a kan bargon. Kafin in kaɗe ya huda shi, rami kamar kan babban yatsa.

Bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya ɗauki bargon ya ɗaga shi wajen haske, ya leƙo ni ta ramin. Ya ce bargon nan ya hau jirgin ruwa tare da shi, ya kwana da shi a ƙasar da ruwa ke zama dutse, harsashi bai taɓa samunsa ba, sai da ya dawo Dogon Dutsi mace ta harbe shi da gawayi. Ya ninke shi, ya zuba ganyen taba saboda asu, ya kulle a akwati. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba, ban kuma iya tambaya ba. A aji nake danna duk aikina, da na gama makaranta kuwa sai na koma kan zane.

Abin da za ki ɗauka a nan uku ne, ko huɗu. Warin ba lalacewa ba ce, halin ulu ne in ya ji laima, yana bushewa zai tafi, kuma ba ya bin yadi. Kada ki ce za ki wanke shi da ruwan zafi da sabulu, zai tsuke ya murɗe. In kin gama aiki ki rataye shi a inuwa ya sha iska, kada ki ninke shi da damshi. Dutse kuwa, ki bar gawayin ya ja sosai har hayaƙi ya ƙare, ki fifita shi a waje, ki hure tokar a waje, ki tabbata makullin murfin ya kama, ki share gindinsa da tsumma, ki gwada a guntun yadi kafin ki kusanci na tuta. In za ki aje shi ki aje a kan tubali ko faranti, ba a kan bargo ba. Na ƙarshe ba na ɗinki ba ne. Abin da mijinki yake ji da shi, ko a idonki tsumma ne, ki tambaya kafin ki taɓa. Da na tambaya, wataƙila da ya hana ni, amma da ba a kai ga makulli ba.

Akwai kuma maganar launi, wadda ta fi duka hana ni sukuni, domin tutar nan farin yana tsakiya, maƙwabtansa biyu masu zuba ne. Gab da gama aji aka ce kowa ta ɗinka rigar jariri fara. Tawa ta yi kyau, ba yabon kai ba. Kafin in danna ta sai na tuna da wani jan ƙyalle da nake so in yi ɗankwali da shi, sabo, ban wanke ba. Na yayyafa masa ruwa na danna shi a kan bargon Madam. Ban ga komai a bargon ba, ruwan toka ne, yana ɓoye abu. Na aza farar rigar a wurin na danna. Da na juya ta sai ga ja-ja a ƙirji, kamar an tofa. Tani ta zagaya da ita tana cewa a zo a ga jaririn Hannatu, tun bai yi haƙori ba ya fara cin goro. Na wanke, bai fita duka ba. Sabuwa na ɗinka, sauran mata suna hira ni ina kan keke.

Saboda haka kafin ki yanka komai ki wanke yadin nan uku, kowane a kwanonsa, ki yi ta sauya ruwa har ya fito fari tas. Farin ma ki wanke shi, don in zai tsuke ya tsuke tun yanzu, ba bayan ruwan sama na farko ba. Ki shanya a inuwa. Ki sami fararen ƙyallaye biyu masu tsabta na rufe bargon, ɗaya na farin yadi, ɗaya na masu launi, kada ki taɓa musanya su. Kullum ki fara da farin. In kin haɗa fari da mai launi, ki kwantar da bakin ɗinkin wajen mai launin, ki danna, sannan ki sake binsa da keke don iska. In kika kwantar da shi wajen farin, a ɗaki ba za ki ga komai ba, amma tuta tana hawa sama hasken rana zai ratsa ta, kowa ya ga duhun layi a cikin farin. Ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa. Na san kin sani. Na rubuta ne don hankalina ya kwanta.

Saura ranar da ke tsakiyar tutar, ita ce mai wuyar. Da'ira ba ta da gefen da ya bi zaren yadi daga farko har ƙarshe, kusan duk bakinta a karkace yake, nan ne kuwa yadi ya fi miƙewa. Ja ɗaya da dutse ya isa ya mai da ita ƙwai. Ki sami kwali mai ƙarfi, ki kifa murfin kwano ki zana, ki yanke. Ki yanka yadin ya fi kwalin da faɗin yatsa ko'ina. Ki bi bakinsa da allura da dogon zare, ki sa kwalin a tsakiya, ki ja zaren a hankali har bakin ya lanƙwaso ya rungume kwalin. Sai ki kifa a kan bargo ki danna, ki bar shi ya huce a wurin kafin ki zare kwalin. Kuma rana biyu za ki yi, ba ɗaya ba. Tuta fuska biyu gare ta, waɗanda suka tsaya ta bayan sanda su ma 'yan ƙasa ne. Wannan sai da na je na tsaya a gaban bariki na zagaya tutarsu kafin na tabbata, har mai gadi ya tambaye ni ko na ɓatar da wani abu.

To, ga labarin bargon. Ranar da kika tafi Matankari sallama da gwaggonki, na ce bari in gwada da kaina kafin in rubuta miki abin da ban taɓa yi ba. Na tattara guntaye na zauna a rumfa, na yi 'yar ƙaramar rana, na danna ta a kan ninkakken zane. Ta zame, bakinta ya tattare a gefe ɗaya. Na sake, bai fi ba. Babanki yana gefe yana tufka igiya, yana yi kamar ba ya kallo. Can sai ya miƙo hannu ya ɗauka, ya juya ta, ya ce, "Wannan rana ce ko ƙwan zabuwa?"

Na ce masa iyakar abin da auduga za ta iya ke nan, mai iyawar yana cikin akwati yana hira da ganyen taba. Sai ya tambaya ko ta Lami ma haka za ta fito. Na gaya masa gaskiya, na ce hannunki ya fi nawa, wataƙila ta fi wannan, amma ba zan yi masa alkawari ba. Ya ci gaba da tufkarsa har na ɗauka maganar ta wuce. Daga baya ya ce ya yi shekaru yana ƙamewa yana sara wa tutar da ba ta ubansa ba, ba ta uwarsa ba, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya a karkace ba. Ya aje igiyar ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar makulli.

Ya fito da bargon a kafaɗa, ya kakkaɓe ganyen taba, ya ninka da kansa ya shimfiɗa a gabana. Ya ce, "Danna mu gani, mai difulom."

Na yanka wata rana, na ja zaren, na kifa, na aza dutse. Warin rago ya tashi. Na jira ta huce, shi ma ya durƙusa yana jira. Da na zare kwalin, Lami, rana ta fito kamar an sauko da ita daga sama, ko'ina daidai, baki a kwance. Na aza ta a kan murfin kwanon, babu inda ta leƙo. Na tashi na taka rawa a rumfa da tsufana.

Ni a zatona aro zai ba ki, ki gama ki maido. Sai na ga ya shiga ɗakina ya fito da almakashina, sabon nan da aka ba ni ranar gama aji, wanda na hana kowa taɓawa, har ke. Bai tambaye ni ba. Na buɗe baki zan ce ulu yana dakushe almakashi, ya ɗago ya dube ni, na tuna, na rufe bakina. Ya buɗe bargon ya ninka shi biyu, ya daidaita kusurwoyi kamar mai shirin fareti, ya nemi inda ramin yake, sannan ya yanka tun daga wannan baki har wancan. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Mai ramin naki ne, kin riga kin sa masa hannu. Wancan na yarinya."

Shi ne wanda ke gabanki. Na bi bakin da ya yanka da zare don kada ya zazzage. A cikin ninkinsa za ki ga ranakun gwajin nan biyu, ƙwan zabuwa da 'yar'uwarta. Ki maƙala su kusa da keke inda idonki zai riƙa faɗawa, duk ranar da kika ji ƙyuyar hura gawayi ki dube su.

In kin huta ki je ki gai da tsofaffin teloli na kasuwa, ki kira su baba, ko sun yi miki kallon banza. Kada ki nuna wa kowa tutar sai kin gama, kin danna, ta huce. In wani abu ya rikice miki kada ki yi ta maza, ki ba direban motar kasuwa saƙo, zan amsa a motar da ta biyo.

Allah ya tsare ki a hanya da gida, ya kiyaye ki daga wuta da ciwo da mugun baki. Ya sa albarka a hannunki, ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya sa mutanen Tibiri su zama muku dangi. Ƙannenki suna gaishe ki. Tani ta ce in gaya miki tana jiran labari, kuma kin san ko ba a ba ta ba za ta samo.

Babanki bai ba ni saƙon gaisuwa ba, kin san ba ya yi. Amma ya fito da tsohuwar hularsa ta soja ya ce in wanke masa. Ya ce ranar bikin zai zo Tibiri ya tsaya a gaba ya sara wa tutar, kuma daga inda yake tsaye zai gane ko dannawa kika yi ko guga.

Innarki,
Hannatu